Kasuwar Ƙonni Ba Ta Watse Ba

Alhamis, 1 ga Oktoba 1964, bayan la'asar

Yau shekara huɗu da samun mulkin kai. Yara sun yi maci a filin makarantar Illela, an raba musu shinkafa da ɗan nama, tutar da muka ɗinka bara ta koɗe har korenta ya koma ruwan miyar kuka. Ba wannan ya zaunar da ni rubutu ba. Hedimasta, Malam Isma'ila, ya yarda in kai 'yan aji bakwai Ƙonni su ga dutsen tunawa da sojojin da suka mutu a Yaƙin Hitila. Mun tsayar da Asabar ta sama.

Mushe Mukhtari ne ya kawo maganar dutsen. Malamin lakwal ne a Ƙonni, wato makarantar bokon Faransa, yakan shigo kasuwarmu ta Lahadi sayen yadi, mu zauna rumfar mai shayi kowa yana kushe Turawan ɗan'uwansa. Can ƙetare mushe suke ce wa malami. Yarana duk ranar da suka ji sai sun toshe baki, don mu nan mushe sai abin da ungulu ke sauka a kai. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce mini, "Malam Halliru, kai kana karanta ma ɗiya yaƙi cikin takarda, ga shi can bisa dutsi gaban ofishin kumandan mai mulkin gari. Faransawa sunka kahwa shi, da sunan duk wanda anka ɗauka ƙasagga bai komo ba."

Na gaya wa Hedimasta darasin tarihi ne. Darasin tarihin ne kuwa. Amma ba shi ke nan ba, kuma ina jin ya sani, don ya daɗe yana kallona kafin ya ce to.

Juma'a, 2 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Bari in rubuta shi sau ɗaya a fili, tunda a gidanmu ba a faɗa.

Shekarata ashirin da tara. Gidanmu a Amarawa yake, bakin hanya, daga zaure ana hango hayaƙin Ƙonni, amma ban taɓa taka garin ba. Na je Sakkwato karatu, na je Katsina, har Kaduna na taɓa zuwa. Ƙonnin da 'yan talla ke zuwa su dawo kafin azahar, ita ce ban je ba.

Ina ɗan shekara huɗu Yaya ya ɗora wa jaki goro ya tafi kasuwar Laraba ta Ƙonni. Shekarar da yaƙi ya tashi ce, ana neman samarin da za a cika wa Faransawa adadi, dogaran can suka tare bakin kasuwa suka tsince masu ƙarfi. Ba wanda ya tsaya tambayarsa ko shi ɗan ƙasar Ingilishi ne. Jakin ya dawo shi kaɗai da magariba. Iyakar abin da muka sani ke nan.

Yaya ɗan farin Inna ne, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba tun ran suna. Yana nan ma "wancan" take cewa. Da ya tafi sai ta rasa ta inda za ta tambaye shi, kunyar ɗan fari ta rufe mata kowace ƙofa. Abin da ta samu shi ne, duk Laraba in rana ta yi ja, 'yan kasuwa suna wucewa ta ƙofarmu, sai ta ce, "Kasuwa ta watse?" Da can Baba ke amsawa, ya ce, "Da saura." Da ya rasu na gaji amsar, tare da gonarsa da butarsa.

Shekarar da sojoji suka dawo Baba ya so a yi wa Yaya sadaka. Inna ba ta ce a'a ba. Turmin gidan kawai aka nema a daka gumba aka rasa, sai daga baya aka gano ta ba da aronsa har Tozai. Baba bai sake ta da maganar ba.

Ni ma ba ta taɓa hana ni Ƙonni da baki ba. Ba sai ta hana ba.

Lahadi, 4 ga Oktoba, da yamma

Mushe bai zo kasuwa ba. 'Yan ƙetare kaɗan suka shigo, kuma ba wanda ya zauna shan shayi.

Litinin, 5 ga Oktoba, lokacin tara

Da asuba an ji ƙara ta arewa. Liman ya ce maharba ne. Ban san maharbin da ke harbi a jere haka ba. Da na fito da keke na ga an gitta ƙarfe a kan iyaka, jandarma sun fi 'yan duwan, wato 'yan kwastan, yawa. Na koyar da Shehu da Hijira, amma idona yana taga.

Laraba, 7 ga Oktoba, bayan magariba

Yau ko jaki ɗaya bai wuce ta ƙofarmu ba. Na ɗauka Inna za ta gane ta yi shiru. Rana na yin ja na ji muryarta daga ɗaki.

"Auta, kasuwa ta watse?"

Na ce da saura. Kasuwar da ba ta ma ci ba.

Matata Lubabatu ta ja ni gefe ta ce in dubi ƙafafun Inna. Na duba. Sun kumbura har munduwar da ba ta taɓa cirewa ba ta nutse cikin nama.

Asabar, 10 ga Oktoba, da hantsi

Yau da muna Ƙonni. Yara sun zo da wankakkun riguna ko da za a dace, na zaunar da su gindin dogonyaro na shimfiɗa taswira a ƙasa. Na nuna musu Bama, inda namu suka je, na nuna musu Faransa, inda na ƙetare suka je. Wani ya tambaye ni wanne ya fi nisa. Na auna da tafin hannu na ce kusan duk ɗaya ne, wanda ya tafi dai ya tafi.

Abin haushi, ni da ke cin abinci da tarihi, na haddace sarakunan Ingila da matansu, ba ni da fuskar yayana. Ƙeyarsa nake da ita. Yakan goya ni a bayansa bisa jaki, in rungume cikinsa, don haka abin da na riƙe shi ne ƙeya mai gumi, da warin ganyen goro, da wani fito da yake yi wa jakin. Ina ta so ya waiwayo. Yanzu har na girme shi da shekara goma, amma in na tuna shi ni ne ƙarami.

Talata, 13 ga Oktoba, bayan isha

Malamin asibiti ya zo ya ga Inna. Ya ba da ƙwaya, ya ce a rage gishiri. A zaure ya ce mini zuciya ce, ya ce tsofaffi irinta wani lokaci sukan kai damina, wani lokaci. Bai ƙarasa ba, ya shiga ɗaure jakarsa a keke.

Alhamis, 15 ga Oktoba, bayan an tashi makaranta

Mun taru wurin rediyon Hedimasta. Ana cikin labarin ƙetare ya murɗe shi ya ce batir ya yi sanyi. Batirin jiya aka sa.

Akwai wata jam'iyya a can da ba a faɗin sunanta yanzu, har a nan. An ce yaranta sun shigo da bindigogi ta daji, an ce an kama wasu, an ce abin da aka yi musu a bainar jama'a. Kowa "an ce". Gari duk ya koyi maganar Inna, sai ka ji "waɗancan", "yaran nan", "abin nan da ya faru". Da abin dariya ne da na ce mata ta buɗe makaranta, ta fi mu ɗalibai.

Lahadi, 18 ga Oktoba

Mushe bai zo ba. Mai shayi ya ce an ce malaman lakwal ake ɗiba.

Talata, 20 ga Oktoba, bayan azahar

Hedimasta ya kira ni ofis. Mutum ne mai kirki, sai dai yana tsoron takarda fiye da maciji. Ya ce, "Malam Halliru, mi za ya hana a kai ɗiyan nan Sakkwato? Ga Giginya nan inda kakanninmu sunka gamu da Nasara. Shi ma ai yaƙi na."

Na ce yaƙi ne, ranka ya daɗe, sai dai mota. Ya ce za a samu mota. Na ce sai dai wurin kwana. Ya ce da gidan ƙanensa. Na tsaya ina juya alli a hannu. Can ya sassauta murya ya ce, "In ma sunan yana bisa dutsin, mi za ka yi da shi?"

Ni kaina ban sani ba. In yana nan, na kashe wa Inna ɗa da bakina. In babu, ta tafi kabari da tambayarta. Duk dare ina auna su biyun, kuma abin kunya, ban san wanne nake roƙo ba. Abin da na sani, ba na so ta tafi ina mata ƙaryar da na gada.

Laraba, 21 ga Oktoba

Ta tambaya. Da saura.

Juma'a, 23 ga Oktoba, da yamma

Ashe ta ji. A Amarawa ba a ɓoye tafiya, iyayen yara sun kai mata tun tuni. Ina matsa mata ƙafa da man shanu ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An ce za ka kai ɗiyan mutane wani wuri."

Na ce, "Aikin makaranta na, Inna."

Ta ce, "Aiki na." Na ci gaba da matsa ƙafar. Sannan ta ce, "Wancan ma aiki yat tahi."

Wannan ne karo na farko da ta taɓa ambatarsa a gabana ba ta hanyar kasuwa ba. Na so in ce, Inna, yaya kamanninsa? Fari ne ko baƙi? Yana da wushirya? Maganar ta zo har bakina. Sai ta janye ƙafar ta ce man ya isa.

Litinin, 26 ga Oktoba, bayan magariba

Inna ba ta iya kwanciya yanzu, a zaune take barci, an tara mata matasai. Numfashinta yana fita da ƙara kamar ana tankaɗe.

Akwai hanyar daji ta bayan gonar Baba, wadda masu fasa ƙwauri ke bi. Na gaya wa Lubabatu zan bi ta ni kaɗai, in duba dutsen in dawo kafin a ɗora tukunyar rana. Tana tsince wake, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Malam, kai da ba ka san ko ƙofar garin ba, da tabarau da biro ga aljihu? Ai kai za su fara kamawa. In sunka kama ka, wa za shi amsa mata ran Laraba?"

Na yi fushi na fita zaure. Fushin banza ne, gaskiya ta faɗa.

Laraba, 28 ga Oktoba

Muryar ba ta kai zaure yanzu. Sai da na je bakin ƙofarta na tsaya, don kada ta tambaya ba a ji ba.

Asabar, 31 ga Oktoba, da safe

Na yi mafarkin jakin. Shi kaɗai, da igiyarsa tana jan ƙasa.

Lahadi, 1 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mushe ya zo!

Na hango shi bakin rumfar mai shayi na kusa in wuce shi. Ya rame, an aske masa kai tas, yana riƙe kofi da hannu biyu. Na ce ina ka shiga? Ya ce, "Na yi baƙunci." Na ce a ina? Ya ce, "Inda ba a ba baƙo shayi." Daga nan ya tambayi lafiyar yarana, ni ma ban ƙara ba.

Bai manta da maganarmu ba. Ya ce ran sha ɗaya ga wata mazan jiya kan taru gaban dutsen, tsofaffin sojojin da suka dawo, a yi bikin tunawa. Kumandan yana so a ga gari lafiya lau, don haka in makarantar Nijeriya ta zo ranar za a ɗaga mana ƙarfe, har a ba mu wurin tsayawa. Ranar kaɗai, ba kafin ba, ba bayan ba.

Na ƙirga a yatsa a ƙarƙashin tebur. Sha ɗaya ga wata Laraba ce.

Laraba, 4 ga Nuwamba, bayan magariba

An fara barin 'yan kasuwa. Jakuna sun wuce ta ƙofarmu, ba yawa. Ta tambaya, na amsa. Mako mai zuwa war haka ni ne zan kasance a kan hanyar nan, ita tana sauraron kofato.

Asabar, 7 ga Nuwamba

Hedimasta ya sa hannu a takardar tafiya. Iyaye sun janye 'ya'yansu, tara suka rage mini. Ban ga laifin kowa ba. Uban wani ya ce mini a fuskata, "Malam, kai ya kamata ka hi kowa sanin abin da Ƙonni ka yi ma ɗiyan mutane ran Laraba."

Talata, 10 ga Nuwamba, bayan isha

Na durƙusa na gaya mata gobe ne. Na ce da Hedimasta ya samu wani da na bar masa. Ƙarya ce, kuma ta san ƙarya ce. Ta ce Lubabatu ta rage fitila tana damun idonta.

Alhamis, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Jiya ban iya riƙe alƙalami ba. Yau na roƙi Hedimasta ya riƙe mini aji.

Da sassafe na je sallama. Na ɗauka ba za ta amsa ba. Ta kama bakin rigata, ta riƙe, kamar yadda yaro ke riƙe zanen uwarsa. Ta ce, "Auta, kak ka shiga kasuwa." Na ce ba zan shiga ba. Ta ce, "Ka komo rana ba ta yi ja ba." Sannan ta saki.

Da ƙafa muka tafi, yara a jere, babbansu riƙe da koɗaɗɗiyar tutarmu. Jandarma suka ƙirga mu kamar awaki, suka ɗaga ƙarfe. Ƙonni kuwa gari ne kawai. Katanga irin tamu, awaki irin namu, wata tsohuwa tana zagin jikanta da zagin da Inna ke yi mini. Duk rayuwata ina tsoron wurin nan, ashe ko karensu haushin namu yake yi. Hayaniyar kasuwa tana hannun dama, na sa yara suka bi hagu.

Dutsen ba dutse ba ne sosai. Ginshiƙi ne na siminti an shafe shi da farar ƙasa, ya ɗan fi mutum tsawo, da allon baƙin ƙarfe a jiki, sunaye layi layi. Mun riga kowa zuwa. Na yi wa yara bayanin minti biyu, ban san me na ce ba, na sa su zana ginshiƙin. Ni kuma na matsa na ɗora yatsa.

Sunan Yaya yana da harafin W biyu a tsakiya, sunan garinmu yana da ɗaya. Su idona ke farauta. Na bi daga sama har ƙasa. Na koma daga ƙasa har sama. Na goge tabarau na sake. Babu W ko ɗaya a kan allon nan.

Wani daɗi ya buge ni, na zauna a kan dakalin. Babu shi. Yana can wani gari ya auri wata, yana da 'ya'ya masu jin Faransanci, yana da furfura. Daɗin bai daɗe ba. Bayansa sai ga wata gajiya da ban taɓa jin irinta ba, don na gane da yamma zan koma in tsaya bakin ƙofa in ce da saura, kuma haka zan yi ta cewa har ranar da ba mai tambaya.

Sai mutane suka fara taruwa. Mazan jiya suka zo cikin tsofaffin kakinsu, lambobi suna lilo a ƙirji, wani ba hannu ɗaya, wani jikansa ke jansa. 'Yan lakwal suka jeru gefe. Aka busa ƙaho. Mushe Mukhtari ya fito gaban allon, ya raɗa mini a wucewa cewa al'adarsu ce a kira sunayen ɗaya ɗaya, duk wanda aka kira jama'a su amsa masa da Faransanci cewa ya faɗi a fagen daga.

Ya fara. Suna, amsa. Suna, amsa. Ni hankalina yana kan rana, ina auna inda ta kai. Ban ma saurara ba.

Sai na ji shi. Sunan Yaya, tsaf yadda liman ya raɗa, da Amarawa a bayansa.

Jama'a suka amsa da nasu. Ni kuwa bakina ya riga ni, na ji kaina na ce, "Bai zo ba." Yadda yara ke amsa wa ɗan'uwansu in ina kiran suna da safe. Yarana suka juyo suna kallona, ba wanda ya yi dariya.

Da aka watse na kama hannun Mushe na ce nuna mini. Ya ɗora yatsa a layin da nawa yatsan ya bi sau uku. LAOUALI AMARAOUA, 1940. Ashe su Faransawa ba sa rubuta W, O da U suke haɗawa su maye gurbinta. Da na taɓa shigowa garin nan ko sau ɗaya, da na gani a jikin kowace mota da kowane kanti. Mushe ya ce, "Naka na?" Na ce yayana ne. Ya cire hularsa, askakken kansa a rana, ya yi masa fatiha.

Dubu ɗaya da ɗari tara da arba'in. Ko shekara bai yi ba. Duk Larabar da Baba ya amsa, duk wadda na amsa, yana kwance.

Mun dawo cikin 'yan kasuwa, rana ta fara ja. Na raka yara Illela na komo da gudu. Lubabatu tana zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce Inna ta ƙi ci tun safe, ta sa an jawo shimfiɗarta bakin ƙofa.

Da ta gan ni ta rufe ido ta daɗe. Na durƙusa. Jakuna suna wucewa a waje. Ina jin tana tara numfashi, na san abin da take tarawa.

"Auta, kasuwa ta watse?"

Na ce, "Ta watse, Inna."

Ba ta motsa ba. Ta ce, "Mi kag gani?"

Na ce na ga rubutu. Ta ce, "Mi anka rubuta?"

Nan na kasa. Ban taɓa faɗin sunan nan a gabanta ba, ba wanda ya taɓa, kuma yayana ne, ni ma ba na kiransa. Sai na fake da baƙaƙen Faransawa, na karanta su ɗaya ɗaya yadda suke, kamar ɗan aji ɗaya. Na ce, "La, o, u, a, li."

Ta buɗe ido ta ce, "Wa?"

Na sake. La, o, u, a, li.

Fuskarta ta canza. Ba kuka ba ne, fushi ne, irin wanda take yi in an zuba mata miya a faifai. Ta ce, "Wanga wane irin suna na? Ba haka anka raɗa mishi ba. Sun ɗauke shi, sunan ma ba su bar mishi ba?" Ta dafa ƙasa ta ɗago daga matasan, abin da ta yi mako biyu ba ta iya ba. Ta ce, "Lawwali. Lawwali anka ce."

Lubabatu ta saki kwanon da ke hannunta.

Inna ta ji abin da ya fito daga bakinta. Ta kai hannu za ta rufe, sai ta fasa. Ta sake faɗa a hankali, tana ɗanɗanawa. Na uku kuwa ba mu take gaya wa ba. Ta juya wajen zaure ta ja shi da tsawo, yadda ake kiran yaro ya shigo magariba ta yi. Shekara arba'in da wani abu sunan yana cikin bakinta, kuma ya fito sabo fil.

Na kifa kai a ƙafarta na yi kukan da ban yi ba ina ɗan shekara huɗu. Ita ce ma ta dafa ƙeyata. Can ta ce, "Lubabatu, turmi na nan?" Lubabatu ta ce yana nan. Ta ce, "A jiƙa gero."

Juma'a, 13 ga Nuwamba, bayan la'asar

An yi sadaka. Liman ya yi addu'a, an raba gumba, Hedimasta ya zo da yaran nan tara. Mushe bai samu fitowa ba, ya aiko da goro.

Lahadi, 15 ga Nuwamba

Ƙafafun ba su sauka ba. Ta sha kunu kaɗan.

Laraba, 18 ga Nuwamba, bayan magariba

Rana ta yi ja, jakuna suka fara wucewa, ƙafata ta kai ni bakin ƙofarta ban aike ta ba. Na tsaya da amsa a baki. Ba ta tambaya ba. Na yi ta tsayuwa, kuma in faɗi gaskiya, na ji kewar tambayar kamar an cire mini haƙori.

Ta ce, "Mi kaka jira nan awa maroƙi? Shigo ka zamna."

Na zauna. Ta ce, "An ce kana ta son ka ji kamannun Lawwali." Lubabatu ce ta kai, ba shakka.

Ta ce baƙi ne wuluk, ya fi ni tsawo. Ta ce ba shi da wushirya, ni ne na ɗauko ta wajen dangin Baba. Ta ce hancinsa kuwa na ubanmu ne sak, ba kyau ko kaɗan, tun yana jariri take kallonsa a ɓoye in ba kowa a ɗaki tana cewa wa zai auri mai wannan hanci. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na ba ta ruwa.

Na ce, idanun fa, Inna?

Ta koma kan matasanta ta ce ta gaji, idanun sai gobe. Allah ya kai mu goben.